Ranar tsakar dare: inda rana ba ta faɗuwa, da abin da matafiyi zai tarar a can

Ranar tsakar dare, wadda ake kira soleil de minuit da Faransanci, yanayi ne da ake samu a ƙarshen arewacin duniya, inda rana kan yi kwanaki ko makonni tana sama ba tare da ta faɗi ba. Ana ganin haka a arewacin Norwe, Suwidin, Finlan, Rasha, Kanada, Alaska da Girinlan daga watan Mayu zuwa Yuli. A wannan lokaci ne masu yawon buɗe ido ke tururuwa zuwa yankin, da yawansu a cikin motoci masu ɗakin kwana, domin su hau duwatsu da ƙafa a lokacin da agogo ke cewa dare ya raba. Ga mutumin Gumbihini a Tamale, ko na Zangon Lome, ko na Garwa, wanda ya saba rana ce ke gaya masa lokacin tashi, salla da shan ruwa, wannan tafiya na zuwa da tambayoyin da suka wuce na kuɗin mota da masauki.

Abin da ke jawo shi

Duniya a karkace take juyawa, da kimanin digiri 23 da rabi. A watan Yuni ɓangaren arewa ne ke fuskantar rana, har ya zama duk yadda duniya ta juya, ƙololuwarta ba ta shiga inuwa. A Disamba kuma akasin haka ne. Iyakar wannan yanki ita ce Da'irar Aktik, layin da ke kan digiri 66 da rabi arewa da ikwaita. A kan layin, kwana ɗaya ko 'yan kwanaki ne rana ba ta faɗuwa, wajen 21 ga Yuni. Da zarar an ƙara nausawa arewa sai kwanakin su ƙaru.

Tamale tana kan digiri 9 da ɗoriya, kusa da ikwaita, shi ya sa karkacewar ba ta taɓa ta sosai. Wuni mafi tsawo a garin bai wuce awa 12 da minti 40 ba, mafi gajarta kuma awa 11 da rabi da 'yan mintuna. Bambancin kusan awa ɗaya ke nan a duk shekara, abin da mai azumi ne kawai yakan lura da shi. A Tamale rana kan tsaya tsaf a tsakiyar ka sau biyu a shekara, a tsakiyar Afrilu da ƙarshen Agusta. A ƙarshen arewa kuwa ba ta taɓa hawa can sama. Zagaye take yi: ta ɗan hau a kudu da tsakar rana, ta sauko ta yamma, ta yi ƙasa-ƙasa a arewa kamar za ta faɗi, sai kuma ta sake ɗagawa ta gabas. Hasken tsakar dare ja-ja ne, irin na la'asar sakaliya.

Wurare da kwanaki

A Bodø ta Norwe, rana ba ta faɗuwa daga farkon Yuni zuwa farkon Yuli. A Tromsø, birni mafi girma a arewacin ƙasar, ana ganin haka daga wajen 20 ga Mayu zuwa 22 ga Yuli. A Nordkapp, wani tsauni mai tsayin mita 307 da ke tsaye a bakin teku a kan digiri 71, yanayin kan fara daga tsakiyar Mayu zuwa ƙarshen Yuli. A tsibiran Svalbard kuwa wata huɗu ake yi, daga 20 ga Afrilu zuwa wajen 22 ga Agusta. Bashin wannan haske ana biyan sa da sanyi: a Tromsø rana ba ta fitowa daga ƙarshen Nuwamba zuwa tsakiyar Janairu.

Labarin ba sabo ba ne. Pytheas, wani matafiyi Bagirke daga garin da yanzu ake kira Marseille, ya ba da labarin irin wannan ƙasa fiye da shekaru 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ahmad ibn Fadlan, jakadan halifan Bagadaza da ya isa ƙasar Bulgar a bakin kogin Volga a shekarar 922, bai kai Da'irar Aktik ba, amma ya rubuta mamakinsa game da gajartar daren wurin da yadda magariba da asuba ke kusan haɗuwa.

Mota mai ɗakin kwana

Motar da masu yawon ke haya babbar mota ce mai gado, murhun gas, firji, tankin ruwa da ƙaramin bayan gida. Faransawa na ce mata camping-car, mutanen Norwe kuma bobil. Wadda nauyinta bai wuce kilo 3,500 ba ana tuƙa ta da lasisin ƙaramar mota. An fi son ta ne saboda garuruwan yankin na da nisa da juna, otal da abinci kuma suna da tsada matuƙa.

Nisan ba na wasa ba ne. Daga Oslo zuwa Nordkapp kusan kilomita 2,000 ne a mota, wato tafiyar Akara zuwa Tamale sau uku da ɗoriya. Babbar hanyar ita ce E6, wadda ta ratsa ƙasar har zuwa Kirkenes kusa da iyakar Rasha. E10 ce ke shiga tsibiran Lofoten, E69 kuma ta ƙare a Nordkapp, bayan ta bi ta wani rami mai kusan kilomita 7 da aka haƙa a ƙarƙashin teku, aka buɗe a 1999. A wajen gari gudun mota yawanci kilomita 80 ne a awa, kuma doka ce a kunna fitila ko da rana tsaka. Kuɗin hanya na'ura ce ke ɗaukar lambar mota a aiko da lissafi, wasu wuraren kuma sai an ɗora motar a jirgin fito.

Ƙasar tana da masu ita. Al'ummar Sami, waɗanda ke warwatse a Norwe, Suwidin, Finlan da Rasha, kamar yadda iyakoki suka raba Hausawa, suna kiwon wata irin barewa mai ƙaho mai rassa, wadda Faransanci ke kira renne. Garken kan hau titi ba tare da makiyayi a kusa ba, amma kowace na da mai ita, kuma wanda ya buge ɗaya wajibi ne ya sanar da 'yan sanda.

'Yancin shiga daji da iyakarsa

Norwe tana da dokar shekarar 1957 da ta tabbatar da wata tsohuwar al'ada mai suna allemannsretten, wato haƙƙin kowa ya yi tafiya a ƙasar da ba a noma ba, ko da ta wani ce. Mutum zai iya kafa tanti matuƙar ya bar tazarar mita 150 daga gidan da ake zaune a ciki, kuma bai wuce kwana biyu a wuri ɗaya ba sai da izini. Suwidin da Finlan na da makamancin wannan haƙƙi. Sai dai na mai tafiya a ƙasa ne, ba na mota ba: haramun ne a sauka daga titi a kutsa daji da mota. An kuma hana hura wuta a daji ko kusa da shi daga 15 ga Afrilu zuwa 15 ga Satumba. Ƙazantar bayan gidan mota tana da wuraren zubarwa na musamman. A Lofoten, inda baƙi ke cika ƙauyukan masunta a watan Yuli, hukumomi sun taƙaita wuraren da ake kwana a mota saboda koke-koken mazauna.

Hawan dutse da dare

Da yake duhu ba ya zuwa, mutane kan fita bayan cin abincin dare su dawo da asuba. A Lofoten an fi sanin Reinebringen, dutse mai tsayin mita 448 wanda magina 'yan ƙabilar Sherpa daga Nepal suka yi wa matakalar duwatsu. Kusa da Nordkapp akwai Knivskjellodden, wani tsinin ƙasa da ya fi Nordkapp ɗin kansa shiga arewa, amma sai an taka kimanin kilomita 18 zuwa da dawowa. A Suwidin akwai Kungsleden, ma'ana hanyar sarki, mai fiye da kilomita 400 daga Abisko zuwa Hemavan. Ƙungiyar DNT ta Norwe, da aka kafa a 1868, tana kula da bukkoki sama da 500 a kan duwatsu, tana kuma yi wa hanyoyi alama da jan harafin T.

Haske ba zafi ba ne. Matsakaicin yanayin Tromsø a Yuli kusan digiri 12 ne a ma'aunin Selsiyos, wato tsakiyar lokacin zafinsu ya fi safiyar hunturun Tamale sanyi. A kan dutse ana iya tarar da ƙanƙara a watan Yuni, hazo kuma kan rufe hanya cikin mintuna. Sauro na da yawa a cikin ƙasa a watan Yuli, ko da yake ba ya ɗauke da zazzaɓin cizon sauro. Babban haɗarin shi ne rashin barci. Jiki da duhu yake gane lokacin hutu, idan bai gan shi ba sai mutum ya yi ta tafiya ko tuƙi bai san ya gaji ba. Shi ya sa gidaje da motocin yankin ke da labule masu kauri, matafiya kuma ke tsayar wa kansu lokacin kwanciya da agogo. Daga cikin ƙa'idojin hawan dutse tara da DNT da ƙungiyar Red Cross ke koyarwa akwai sanar da wani inda aka nufa, da juyowa tun da sauran ƙarfi. Lambar neman agaji ita ce 112.

Salla da azumi

Lokutan salla biyar da azumi duk a kan tafiyar rana aka ɗora su. Inda ba faɗuwar rana, ba magariba, ba isha'i, ba ketowar alfijir. Malamai sun dogara da hadisin Dujal da ke cikin Sahihu Muslim, inda aka ambaci wunin da tsawonsa ya kai shekara, aka kuma umarci sahabbai da su ƙaddara lokutan salla a cikinsa. Saboda haka an haɗu a kan cewa salla biyar tana nan a kowace awa 24. Saɓanin yana wajen da wane gari za a auna. Wasu sun ce da ƙasa mafi kusa da ake bambance dare da rana a cikinta. Majalisar Fiƙihu ta Rabiɗa da ke Makka, a zamanta na 1986, ta ce yankunan da suka haura digiri 66 su auna da lokutan digiri 45. Wasu kuma, ciki har da Darul Ifta ta Masar, sun zaɓi lokutan Makka.

Batun ya fi ɗaukar hankali a shekarun 2014 zuwa 2016, lokacin da watan Ramadan ya faɗo a Yuni da Yuli. Musulmin cibiyar Alnor da ke Tromsø sun bi lokutan Makka, inda suka riƙa shan ruwa rana na haskawa ta taga. Da yake Ramadan na ja baya da kwana 10 ko 11 kowace shekara, wajen 2030 zai faɗo cikin duhun Disamba da Janairu, tambayar ta dawo a juye. A Inuvik ta Kanada ma akwai masallacin da ake wa laƙabi da na ranar tsakar dare, wanda aka harhaɗa a Winnipeg, aka kai shi can a mota da jirgin ruwa a 2010.

Alƙibla ma na canzawa. Bahaushe ya saba kiranta gabas, kuma a Tamale gabas ɗin ce, ta ɗan karkata arewa. A Tromsø kuwa kudu ake fuskanta, a ɗan karkata gabas. Matafiyi yana da sauƙin ƙasaru da haɗa salloli, abin da ya fi masa kuma shi ne ya bi jadawalin masallacin da ya fi kusa da shi, domin manhajojin waya kan rikice a wannan yanki.

Takardu da kuɗi

Norwe, Suwidin da Finlan duk suna cikin yankin Shengen, ko da yake Norwe ba ta cikin Tarayyar Turai. 'Yan Gana, Nijar, Najeriya, Togo, Benin da Kamaru na buƙatar biza, wadda ke ba da damar zaman kwana 90 cikin 180. Tun watan Yunin 2024 kuɗinta yuro 90 ne ga babba, kuma sai an nuna inshorar lafiya ta aƙalla yuro 30,000. Bizar yawon buɗe ido ba ta ba da izinin aiki. Svalbard ba ta cikin Shengen, don haka mai zuwa can yana buƙatar bizar da ke ba da damar shiga sau biyu, domin ya iya dawowa ta Norwe. Finlan ce kaɗai ke amfani da yuro a cikin ukun, sauran biyun kowace da nata kuɗin, kuma kusan komai da kati ake biya.

Gajimare na iya rufe sama har tsawon kwanaki, musamman a bakin teku, shi ya sa masu zuwa kan ware mako guda ko fiye a arewa da Da'irar. A Tromsø, saboda agogon bazara da ake ƙara wa awa ɗaya, rana kan kai ƙarshen saukowarta ne wajen ƙarfe ɗaya saura kwata na dare, ba sha biyu daidai ba.