Balma: Garin da Ke Cin Gero Ba Tare da Ya Shuka Ba

A kasuwannin ƙasar Hausa an daɗe da sanin kantu, dunƙulen gishirin nan mai siffar turmin da aka kife, wanda makiyaya ke saya domin shanu su lasa. An kuma san sunan Balma, har ya zama sunan gishirin kansa. Sai dai kaɗan ne daga masu saye suka san inda garin yake, balle yadda mutanensa ke rayuwa. Balma, wadda taswira ke rubutawa Bilma, tana arewa maso gabashin Jamhuriyar Nijar, a ƙarshen kudu na jerin dausayoyin Kawar, sama da kilomita 500 gabas da Agadas. Tsakanin garuruwan biyu akwai Tenere, hamadar da ba ta da inuwa. Ruwan saman da ke sauka a Balma a shekara guda, bisa matsakaicin lissafi, bai kai milimita 20 ba. Gero ba ya yi a can, amma gero ne abincin garin tun ɗaruruwan shekaru. A wannan sarƙaƙiya tarihin Balma yake kwance.

Abin da ya tara mutane a wurin ruwan ƙasa ne. A gindin tsaunin Kawar ruwa yana kusa, har yana ɓulɓulowa da kansa a wasu wurare, ya shayar da dabino da 'yan lambuna. A Kalala, dab da garin, ruwan yana ratsa ƙasa mai gishiri. Masu aikin, waɗanda yawancinsu Barebari ne, sukan haƙa ramuka, ruwa ya tsattsafo ya cika su, sauran aikin kuma rana ce ke yi. Idan zafi ya tsananta, gishiri yakan yi ɓawo a saman ruwan, sai a fasa shi ya nutse, wani ya sake taruwa. Tsantsar farin da ake kwasa shi ne beza, gishirin miya. Wanda ya gauraya da ƙasa kuwa a kwaɓa shi, a dandanƙara a cikin kututturen dabino da aka rarake, a juye shi ya bushe. Shi ne kantu.

Tun kafin gishirin ya yi suna, Kawar zango ce a kan hanyar da ta haɗa Fezzan da Tafkin Cadi, wadda ta fi yawancin hanyoyin Sahara sauƙi saboda rijiyoyinta ba su yi nisa da juna ba. Masanin tarihi Ibn Abdul Hakam ya ruwaito cewa Uƙba bin Nafi'u ya kai hari Kawar a wajen shekarar 666. Al-Idrisi, a ƙarni na 12, ya ambaci dabinon yankin da kuma alif, farin ma'adinin da marina da majema ke buƙata. Sarakunan Kanem, daga baya na Barno, sun riƙe Kawar a matsayin ƙofarsu ta arewa. Ta nan dawaki da tufafi da littattafai suka shigo, ta nan kuma aka kora bayi masu ɗimbin yawa zuwa Tarabulus. Turawan Birtaniya Denham da Clapperton, da suka ratsa Balma a farkon 1823, sun ba da labarin ƙasusuwan mutane da suka gani warwatse a bakin rijiyoyin hanyar.

A wajen 1760 akalar garin ta juya. Abzinawa sun rinjayi rundunar Barno a Ashegur, wata rijiya da ke yamma da Kawar, cinikin gishirin Balma kuma ya koma hannunsu. Daga nan fuskar garin ta karkata daga kudu zuwa yamma, makomarsa ta ɗauru da ta ƙasar Hausa.

Tsarin da ya kafu zagaye ne mai kusurwa uku, yana cin kusan shekara. Da kaka, bayan raƙuma sun ƙoshi da ciyawar damina, Abzinawa, musamman Kel Ewey, sukan taru a gabashin tsaunukan Abzin su tsunduma cikin Tenere ƙarƙashin jagorancin madugu. Da yake babu abin kiwo a hanya, kowane raƙumi yana ɗauke da damman ciyawa, ana ajiye wasu a zango-zango domin dawowa. Ayari yakan tashi da safe bai tsaya ba sai dare ya yi nisa, ana ci ana sha a kan tafiya. Sukan yada zango a Fachi, sannan su ƙarasa Balma da gero da cuku da busasshen nama da tufafi, su karɓi gishiri da dabino. Bayan sun koma Abzin sun ɗan huta, sai su gangara kudu zuwa Damargu da Damagaram da Kano, Kel Geres kuma su nufi Adar da Gobir da Sakkwato. A can sukan yi rani, raƙuma na cin karmami suna zuba taki a gonakin manoma, su kuma suna sayar da gishiri suna sayen geron da za a kai Balma a kaka mai zuwa. Heinrich Barth ya biyo irin wannan ayari daga Abzin a ƙarshen 1850, ya isa Kano a Fabrairun 1851. A farkon ƙarni na 20, Faransawa sun ƙidaya raƙuma kimanin 20,000 a ayarin shekara guda.

Wannan tsari yana da ɓaraka guda da ba ta taɓa toshewa ba: mai gishiri ba shi ne mai raƙumi ba. Mutanen Balma suna da ramuka da itatuwan dabino, amma ba su da abin da zai fitar da hajarsu ko ya shigo musu da hatsi. Mai ayari ne ke zuwa da geron da ake jira, saboda haka shi ne ke da ƙarfi a wurin musaya, babbar ribar kuma a kasuwannin kudu ake samunta. Duk shekarar da yaƙi ko fari ya hana ayari tasowa, kantu yakan jibge a Kalala, tukwane kuma su kife a cikin gari.

Ƙarni na 20 ya yi ta jarraba wannan rauni. Faransawa sun kafa sansanin soja a Balma a 1906, a daidai lokacin da fataucin Sahara ke mutuwa, domin kayan Kano sun fara bin teku, musamman bayan isowar jirgin ƙasa a 1911. Yaƙin Kawsan na 1916 zuwa 1917, da ramuwar da Faransawa suka yi bayansa, sun karya Abzin, suka cinye raƙumanta. Ayari ya farfaɗo daga baya, amma farin 1973 da na 1984 suka sake halaka garkunan. Gishirin teku mai arha ya cika kasuwannin kudu, manyan motoci kuma suka fara ratsa Tenere. A 1973 wata mota ta banke Bishiyar Tenere, wadda madugai ke gane hanya da ita; gawarta na ajiye a gidan tarihi na Yamai. A watan Agustan 2006 jarrabawar ta zo ta inda ba a zata ba: mamakon ruwan sama ya narkar da ɗimbin gidajen garin, waɗanda aka gina da ƙasa mai gishiri. Hausawa dama sun ce gishiri ya yi wa man kaɗe dariyar rana, ran da ruwa ya zo gishiri ya ji kunya.

A yau Balma ce hedikwatar gundumarta, amma ƙidayar 2012 ta nuna mazaunanta ba su kai 5,000 ba. Bunƙasar ta koma Dirku, da ke arewa da ita, wadda ke kan hanyar motoci zuwa Libiya kuma tana da filin saukar jiragen sama. Abin da ya cika Dirku ba gishiri ba ne: matafiya ne masu neman aiki a Libiya ko masu niyyar tsallakawa Turai, sai kuma mahaƙan zinariyar da aka gano a yankin Jado a 2014. Ita ma wannan bunƙasa ba a hannun 'yan Kawar take ba. Dokar hana safarar baƙin haure da aka kafa a Yamai a 2015 ta durƙusar da harkar sufurin, soke ta da aka yi a Nuwamban 2023 ya sake buɗe hanyar, rufe mahaƙar Jado a 2017 kuma ya watsa dubban mutane.

Haja ta sauya sau da dama a Kawar, daga alif zuwa bayi, daga gishiri zuwa zinariya, amma a kowane zamani mai riƙe da hanya ne ke yanke wa garin hukunci. Abin da ya sa Balma ba ta zama kufai kamar tsohon garin Jado ba shi ne buƙatar da ba ta gushe ba: makiyayin Sahel har yanzu yana neman kantu domin dabbobinsa. Muddin akwai shanu a Damargu da Katsina, ramukan Kalala suna da mai saye, kuma kowace kaka ana iya ganin ƙananan ayarori na fitowa daga Abzin da buhunan gero.