Daga Detroit zuwa Samaru: Yusef Lateef da Algaitar da ke Cikin Obo

Masu rubuta tarihin kiɗan jaz a Amurka sun saba su tsallake shekarun 1981 zuwa 1985 na rayuwar Yusef Lateef da jimla guda: wai ya tafi Nijeriya ya yi bincike, ya dawo. Daga nan sai su koma kan faya-fayan da ya yi a Detroit da New York, kamar dai zaman da ya yi a Zariya hutu ne da tsoho ya ɗauka bayan gajiyar gidajen rawa. Wannan maƙala tana ganin an kifa lissafin. Shekaru huɗun da ya yi a Cibiyar Nazarin Al'adun Nijeriya ta Jami'ar Ahmadu Bello, a matsayin babban mai bincike, su ne suka warware abin da ya shafe shekara ashirin da biyar yana lalube, kuma su ne suka tsara kiɗan da ya yi har ƙarshen rayuwarsa. Mai karatu a Jos, garin da kuza ta tara ƙabilu da kayan kiɗansu wuri guda, ya fi mai sharhi na New York damar gane haka, domin kayan awon suna kusa da kunnensa.

An haife shi ranar 9 ga Oktoba 1920 a Chattanooga ta jihar Tennessee da sunan William Emanuel Huddleston, ya tashi a Detroit, ya yi busa a ƙungiyar Dizzy Gillespie a 1949. A wajajen wannan lokaci ya karɓi Musulunci ta hanyar Ahmadiyya, ya sauya suna. Saksofon ne asalin sana'arsa, kuma da ya tsaya a kansa kaɗai da ya ci abinci lafiya, don yana cikin gwanayen zamaninsa. Amma tun faya-fayansa na farko a kamfanin Savoy a 1957, irin su Jazz Mood da Prayer to the East, aka fara jin baƙin muryoyi: argul na Masar, da rabab a hannun abokin aikinsa Ernie Farrow, ga kuma sarewar Turawa. A Eastern Sounds na 1961 ya buɗe faifan da busa wata 'yar sarewar yumɓu ta Sin mai suna shun, wadda sautukanta ba su da yawa. Ya ƙara da obo, da basun, da shanai na Indiya. Daga 1962 zuwa 1964 yana tare da Cannonball Adderley, inda ya shigar da obo cikin kiɗan buluz a gaban dubban masu sauraro. Masu sharhi da dama sun ɗauki wannan tarin kayan busa a matsayin ƙawa, irin ta mai son a ce ya iya abin da wasu ba su iya ba.

In aka jera kayan aka dube su da idon Bahaushe, sai a ga ba tarkace ba ne. Obo da shanai 'yan ɗaki ɗaya ne da algaita: dukkansu da tagwayen harshe ake busa su, harsunan nan biyu suna karkarwa a bakin mai busa, sautin ya fito siriri da hanci-hanci kamar kukan mutum. Sarewar Turawa da shun kuwa dangin sarewar makiyaya ne, inda iska ce kawai ke gogar baki, har ana jin numfashin mai busa a cikin sautin. Ma'ana, tun kafin ya taka ƙasar Hausa, Lateef yana neman abu biyu ne da fiyano ba ya iya bayarwa: sautin da ke lanƙwasa tsakanin matakan da Turawa suka ƙayyade, da kuma busar da ta yi kama da magana. A Amurka sai da ya bi ɗakin karatu da shagunan baƙi kafin ya samo waɗannan kaya, kuma ya same su a tsige daga muhallinsu. A Zariya ya tarar da su a raye suna aiki. Algaita tana gaban sarki tare da kakaki da ganga, mai busa ya cika kumatu yana shaƙar iska ta hanci ba tare da sautin ya yanke ba, kuma duk wanda ke wurin ya san taken wa ake busawa. Sarewa tana hannun Fulani makiyaya, kuma a kanta ya zurfafa bincikensa. Abin da a Detroit ya zama baƙon ɗanɗano, a Samaru tsari ne mai doka da ma'ana.

Hujja mafi ƙarfi tana cikin abin da ya naɗa a lokacin. Faifan In Nigeria, wanda aka ɗauka a Legas a 1983, kamfanin Landmark na Orrin Keepnews ya fitar da shi a 1985, busa ce da ganguna da murya, babu fiyano. Wanda bai san jaz ba zai ga wannan ƙaramin abu ne, alhali shi ne ginshiƙin maganar. A jaz ɗin da Lateef ya tashi a ciki, fiyano ke shimfiɗa jerin haɗaɗɗun sautuka, mai busa kuma ya bi ta kansu kamar mai hawa matakala. Da aka janye fiyano sai matakalar ta tafi, ya zama babu abin da mai busa zai dogara da shi sai zubin ganga da tsawon numfashinsa, wato daidai matsayin mai algaita a tsakiyar makaɗan fada. Sunayen kiɗe-kiɗen ma sun nuna inda ƙafarsa take: akwai wanda ya raɗa wa sunan dandalin wasan kwaikwayo na jami'ar da ke Samaru, akwai wanda ya ba suna da Hausa a kan ruwa mai zurfi. A shekarar 1983 ɗin dai cibiyar ta fitar da wani faifan nasa mai suna Hikima, a nan gida. Sannan a 1987 mujallar Nigeria Magazine ta buga littafin da ya rubuta tare da Ziky Kofoworola, Hausa Performing Arts and Music, wanda masu nazarin kiɗan Hausa ke ambata kusa da ƙamus ɗin David Ames da Anthony King na 1971. Mai hutu ba ya barin faifai biyu da littafi.

Suka ta farko da ya kamata a saurara daga cikin gida take fitowa. A tsarin Hausa kiɗa gado ne, kuma kowane kaya da ma'abotansa: kalangu na mahauta, tambari na sarauta, garaya ta mafarauta da 'yan bori, kotso da taushi na makaɗan fada. Mutum yakan ƙare rayuwarsa a kan kaya ɗaya, a nan ake gane zurfinsa. Misalin da ya fi kusa shi ne Ɗanmaraya Jos, haifaffen Bukuru a 1946, wanda ya rasu a 2015. Da kuntigi, ɗan gwangwani da aka rufe da fata aka ɗaura masa tsirkiya guda, ya yi wa karen mota waƙa, ya yi wa ma'aurata nasiha, ya zaga duniya. Mai wannan suka zai ce: idan tsirkiya ɗaya ta ishi Ɗanmaraya, me mai kaya goma yake nema in ba taɓa-ka-lashe ba? Sukar tana da nauyi, amma ta haɗa abu biyu da ba ɗaya ba. Ɗanmaraya ya gaji harshe da masu sauraro da suka san inda kowace karya sauti ta dosa, don haka kuntigi ya wadatar. Lateef jikan bayi ne da aka raba da harsunansu da kayan kiɗansu, aka bar musu kayan sojan Turawa. Yawan kayansa neman abin da aka ƙwace ne. Shi ya sa da ya samu abin da yake nema kiɗansa ya ragu maimakon ya ƙaru, ya koma busa da ganga. A wurin ƙarancin kaya da yawan ma'ana, In Nigeria ya fi kusa da Ɗanmaraya fiye da yadda ya kusanci Eastern Sounds.

Suka ta biyu ta fi zafi: baƙo ya zo da digiri, ya zauna da makaɗa, ya kwashi iliminsu, sunansa ya hau bangon faifai, nasu ya koma ƙananan haruffa a baya. Wannan ta faru sau da yawa a tarihin kiɗan Afirka, kuma ba za a wanke Lateef tas ba, domin duniya ta san shi, ba ta san waɗanda suka buga masa ganga ba. Sai dai adalci ya sa a duba yadda ya zo. Ma'aikacin jami'a ne a Nijeriya, ya zo yana da shekara sittin da digirin dakta a fannin ilimi daga Jami'ar Massachusetts, wanda ya kammala a 1975 da nazarin da ya kwatanta ilimin Yamma da na Musulunci. Littafin da ya fito daga binciken a Legas aka buga shi, sunan abokin aikinsa ɗan Nijeriya ne a gaba. Hikima ma a nan gida aka fitar da shi. In akwai laifi a ɓacewar wannan faifai, har sai da wani ƙaramin kamfani a ƙasar waje ya sake buga shi a 2019 kafin matasa su ji shi, to kaso mafi tsoka na laifin yana kan yadda muke adana abin da cibiyoyinmu suka samar. Abin lura ne cewa jami'ar da ta ɗauke shi aiki ita ce ta ba Mamman Shata digirin girmamawa a 1988. A wancan zamani akwai masu ganin makaɗi malami ne, kuma Lateef cikin wannan yanayi ya yi aiki.

Akwai kuma mai cewa, in dai haɗa kayan busa na Turawa da kiɗan Arewa ake magana, me ya kai mu Amurka alhali ga Bala Miller, wanda aka haifa a Pankshin a 1928, ya kafa babbar ƙungiyarsa ta Pyramids, ya rera "Ikon Allah" da ƙahonin Turawa a bayansa? Gaskiya ne Bala Miller ya cancanci nazarin da har yanzu bai samu ba. Amma tafiyar tasu ta saɓa, kuma saɓanin ne ke haska kowannensu. Miller ya ɗauki waƙar Hausa ya ɗora ta a kan tsarin hailaif, da jerin ƙahoni da jita da haɗaɗɗun sautuka, don ta shiga gidan rawa da talabijin. Lateef ya ɗauki kayan Turawa ya sauke musu wannan tsari, don su yi magana irin ta algaita. Ɗaya yana shiga ɗakin da ɗayan ke fita, kuma a shekaru kusan guda, tsakanin Kaduna da Zariya.

Abin da ya biyo bayan komawarsa Amurka shi ke rufe hujjar. Bai koma busa a wuraren da ake sayar da giya ba, ya kama koyarwa a Massachusetts. Ya ci gaba da ƙin kalmar jaz, wadda yake ganin raini ne a cikinta, yana kiran kiɗansa autophysiopsychic, wato abin da ke fitowa daga jikin mutum da hankalinsa da ruhinsa. Faifan Yusef Lateef's Little Symphony na 1987, wanda shi kaɗai ya kaɗa komai a cikinsa, ya ci lambar Grammy, amma a rukunin da ba na jaz ba, abin da ke nuna masu rabon ma sun rasa inda za su ajiye shi. A 1992 ya kafa kamfaninsa na YAL don kada kowa ya tsara masa abin da zai naɗa. Abokin aikinsa mafi daɗewa a wannan zango shi ne Adam Rudolph, makaɗin ganguna na hannu, kuma sau da yawa su biyu kaɗai suke hawa dandamali, mai busa da mai ganga, tsarin da ya fara gwadawa sosai a faifan Legas. A 2010 hukumar fasaha ta ƙasar Amurka ta ba shi babbar lambarta ta gwanayen jaz, sunan da ya shafe shekaru yana gudu. Ya rasu ranar 23 ga Disamba 2013 a Shutesbury yana da shekara 93.