Tarihin "Babu, Je Ka Kemis": Daga Bamako Zuwa Bungudu



Bara na yi jinyar ƙanwata a wani asibiti, ba sai na kama suna ba. Likita ya rubuta abu biyar, ɗaya kacal aka samu a tagar magani. Sauran, har da ledar ƙarin ruwa da safar hannu, sai da na bi kemis-kemis cikin dare. Mu 'yan Bungudu mun san wannan zarya: in babu a gari sai Gusau, ga hanya yadda kuka sani. Tun ranar nake tambaya, wai shi asibiti ta ina yake sayen kayansa?

A shekarun 1970, lokacin da kuɗin fetur ke ambaliya, gwamnati ce ke sayo magani a dunƙule, ta jibge a babban sito, ta rarraba wa asibitoci. Mu a lokacin muna ƙarƙashin Sakkwato, don sai 1996 aka ƙirƙiro Zamfara. Da farashin mai ya faɗi a farkon shekarun 1980, sito ya bushe. A sanarwar juyin mulkin 31 ga Disamba, 1983, Birgediya Sani Abacha da bakinsa ya koka cewa asibitoci sun koma wurin ganin likita kawai, ba magani.

Sai 1987, ministocin lafiya na Afirka suka zauna a Bamako ta ƙasar Mali, tare da WHO da UNICEF, suka fito da wata dabara. Wallahi ba ta da bambanci da sana'ar mai ƙosai. A ba asibiti magani a matsayin jari, ya sayar da 'yar riba kaɗan, kuɗin su shiga asusu na daban, a sake saro wani. Uwar kuɗi ba a taɓa ta. Shi ne asusun magani mai juyawa, wanda ma'aikata ke kira DRF.

A 1994 Abachan nan dai ya kafa PTF, Janar Buhari ya shugabance ta, ta zuba magunguna a asibitoci kan wannan tsari. Iyayenmu har yau suna labarin maganin PTF. Obasanjo ya rushe ta bayan hawansa a 1999, kuma a wurare da yawa jarin bai daɗe ba ya narke.

To ina yake yoyo? A takarda komai tsaf yake. Mai kula da sito ya lissafa abin da ya ƙare, kwamiti ya nemi farashi daga 'yan kwangila, a zaɓi ɗaya, in kaya sun iso a duba lambar NAFDAC da ranar lalacewa, sannan a biya. Dokar sayen kayan gwamnati ta 2007 ta ƙara ɗaure asibitocin tarayya da yin gasa a fili. Amma janareta na son mai, albashin leburori ya makara, sai a ce a ara daga asusun magani, za a mayar. An kawo wanda ya yi haɗari ba ɗan'uwa, dole a ba shi magani, kuma daidai ne, sai dai ba mai cike gurbin. Shi kuwa ɗan kwangila, kada mu yi saurin zaginsa. Ya kawo kaya bashi, wata da watanni yana sintiri ofishin akanta. Gobe in an neme shi, ko ya ƙi zuwa, ko ya ɗora ladan jira a kan farashi, mara lafiya ya biya.

Ga kuma faɗuwar naira tun 2023, shekarar da kamfanin GSK ya sanar da tattara kayansa daga Najeriya. Galibin magani ko sinadarin haɗa shi daga Indiya da Sin ake shigo da shi, da dala. Kuɗin da suka sayi kwali goma, kafin su zagayo ba za su sake sayen goman ba, ko da ba a ɗauki sisi ba.

Ƙanwata ta warke, alhamdulillahi. Rasit ɗin kemis huɗu na wannan daren suna nan cikin jakata.