Maganin Zazzaɓi Mai Dawowa ga Yara

Zazzaɓi mai dawowa shi ne wanda yake sauka daga jikin yaro, bayan 'yan kwanaki ko makonni ya sake tashi. A garuruwan ƙasar Katagum irin su Gololo, zazzaɓin cizon sauro ne kan gaba wajen haddasa shi, musamman da damina.

Ƙa'ida ita ce a fara ɗiban jini a ɗan yatsa a gwada. In an samu ƙwayar cutar, sai a ba yaron haɗin artemether da lumefantrine safe da yamma har kwana 3, gwargwadon nauyinsa. Inda ake samun tangarɗa shi ne uwa ta ga jiki ya yi sanyi ranar farko ta ajiye sauran, ko ta raba wa ƙanensa. Mai tsanani kuwa, da suma ko jijjiga, allurar artesunate yake buƙata a asibiti, kamar na gwamnatin tarayya da ke Azare.

A 2012 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar rigakafin damina ga yara 'yan wata 3 zuwa 59. Ma'aikata kan bi gida-gida wata-wata da sulfadoxine-pyrimethamine da amodiaquine. Yaron ya sha na ranar farko a gabansu, uwa ta ƙarasa na kwana biyu.

Akwai kuma zazzaɓi mai dawowa na gado, wanda ya fi yawa a ƙasashen gaɓar Bahar Rum. Shi colchicine ake ba masu shi kullum.