Tarihin Binciken Ƙwayoyin Samaniya

Tun zamanin da, malaman falaki ba su da wani manzo mai kawo musu labarin sama sai haske, har zuwa shekarar 1912, sa'ad da wani masani mutumin Ostiriya, Victor Hess, ya kafa hujja cewa akwai waɗansu ƙwayoyi da ido ba ya riskarsu, suna zubowa bisa duniya dare da rana.

Kafin wannan, jumhurun masana sun ɗauka cewa ƙarfin da ke tsotse lantarki daga na'urorinsu daga duwatsun ƙasa yake fitowa, saboda haka wajibi ne ya ragu gwargwadon nisan mutum da ƙasa. Hess ya shiga kwandon balan-balan da na'urorinsa, ya yi ta hawa cikin tsananin sanyi yana duba awo da idonsa, har ranar 7 ga Agusta ya haura mita 5,000, ya tarar abin da ya ɗan ragu da farko ya koma ninkuwa. A watan Afrilu kuwa ya riga ya hau lokacin husufin rana bai ga ragi ba, wanda ya nuna masa cewa ba rana ce asalin abin ba. Lalle wannan bincike ne da ya cancanci lambar Nobel da aka ba shi a 1936, tare da Carl Anderson, wanda ya gano ƙwayar fositiron cikin wannan ruwan ƙwayoyi a 1932.

Abin al'ajabi, daga baya masu neman sirrin sama sai suka koma ƙarƙashin ƙasa, domin dutse ya tace musu tarkacen ƙwayoyi, ya bar ƙwayar niyutirino, wadda ke ratsa duniya sukutum ba tare da ta tsaya ba. Raymond Davis ya girke tanki mai tan 600 da ɗoriya na sinadarin wanke tufafi a mahaƙar zinariya ta Homestake a Amurka, ya yi shekaru yana ƙidayar 'yan ƙwayoyin sinadarin da niyutirino ta sauya, ya samu kimanin sulusin adadin da lissafi ya hukunta rana za ta aiko, kuma bai janye sakamakonsa ba duk da shakkar takwarorinsa; daga bisani aka gane cewa niyutirino tana sauya kama a hanya.

A 1987 na'urar Kamiokande ta Jafan ta kama niyutirino daga wani tauraro da ya fashe. A 2010 aka kammala IceCube, mai na'urori 5,160 binne cikin ƙanƙarar ƙuryar kudancin duniya, wadda a 2013 ta ba da shaidar niyutirino masu zuwa daga nesa da rana da duniyoyinta.