Digiri na biyu a fannin ƙiyasin gidaje da filaye: ƙofofin da suka rage wa mai raunin sakamako

A ƙarƙashin Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar kowace jiha tana hannun gwamna a matsayin amana, kuma idan gwamnati ta karɓi gona ko fili domin aikin jama'a, diyyar da doka ta fi mayar da hankali a kanta ita ce ta abin da mutum ya gina ko ya shuka a kai. Wanda ke auna wannan diyya shi ne ƙwararren mai ƙiyasin kadarori. A Jihar Kebbi, inda aka kafa Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi a yankin Kalgo a 2013, kuma babbar hanyar Sokoto zuwa Badagry da aka fara aikinta a 2024 ta ratsa, lissafin wannan ƙwararre na iya shafar manomin Kambaza ko na Dalijan kai tsaye. Shi ya sa neman zurfin ilimi a fannin ya zama abin da ya dace matasan yankin su sa wa ido. Sai dai da yawa daga cikinsu na tsayawa a tambaya guda: idan sakamakon digirin farko bai yi ƙarfi ba, akwai sauran hanya?

Akwai, amma tana da tsawo.

Yadda ake auna sakamakon

Jami'o'in Najeriya na amfani da ma'aunin maki 5. Daraja ta ɗaya na farawa daga 4.50, ta biyu ta sama daga 3.50 zuwa 4.49, ta biyu ta ƙasa daga 2.40 zuwa 3.49, ta uku kuma daga 1.50 zuwa 2.39. Mafi ƙarancin abin da makarantun karatun gaba da digiri ke karɓa domin digiri na biyu kai tsaye shi ne daraja ta biyu ta ƙasa.

A nan ne mutane ke yawan ruɗuwa. Daraja ta biyu ta ƙasa faffaɗa ce ƙwarai: mai 2.45 da mai 3.45 suna riƙe da shaida mai suna iri ɗaya, amma ba su tsaya wuri ɗaya a gaban kwamitin tantancewa ba. Wasu sassa na gindaya maki 3.00 a matsayin iyaka, kuma ko inda ba a rubuta haka ba, guraben kan takaita ne ga yawan malaman da za su iya duba binciken ɗalibai. Cika sharaɗin da ke cikin tallar jami'a yana ba mutum damar a duba takardunsa ne kawai.

Mai daraja ta uku, da mai babbar diflomar HND daga kwalejin fasaha irin ta Waziri Umaru da ke Birnin Kebbi ko ta Kaduna, ana tura su ne zuwa diflomar gaba da digiri, wadda aka fi sani da PGD. Karatu ne na kimanin shekara guda. Haka nan wanda ya karanci wani fanni dabam, kamar labarin ƙasa ko tattalin arziki, yawanci ta nan zai bi. Da yawa na kallon PGD a matsayin koma-baya, alhali ita ce kaɗai takardar da ke ba mutum damar nuna sabon sakamako kusa da tsohon. Kuma wucewa kawai ba ya wadatarwa, domin jami'o'i na neman sakamako mai kyau a PGD kafin su ɗaga mutum zuwa digiri na biyu. Abin lura kuma, ba kowace jami'a ke karɓar PGD ɗin wata ba, don haka ya fi aminci mutum ya yi ta a inda yake son ci gaba.

Inda ake koyarwa

Fannin ya daɗe da kafuwa a kudu, musamman a harabar Enugu ta Jami'ar Najeriya, da Jami'ar Obafemi Awolowo a Ile-Ife, da Jami'ar Legas. A arewa, Jami'ar Fasaha ta Tarayya da ke Minna da Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa da ke Bauchi suna cikin waɗanda aka san su da shi, kuma Jami'ar Bayero ta Kano na da sashensa. Ga ɗan Gwandu ko Kalgo, wannan na nufin kuɗin mota da masauki su ma suna cikin lissafi, musamman ga ma'aikacin da ba zai samu hutun ƙaro ilimi ba.

Takardun da ake nema kusan iri ɗaya ne a ko'ina: shaidar yi wa ƙasa hidima ko ta sahalewa daga hukumar NYSC, kiredit biyar na sakandare da suka haɗa da Turanci da lissafi, wasiƙun shaida daga malamai ko shugabannin wurin aiki, da cikakken sakamakon darussa wanda tsohuwar makaranta ce za ta aika kai tsaye. Wannan na ƙarshen ya hana mutane da dama gurbi saboda jinkirin fitar da shi. Wanda ya jira fitowar talla kafin ya nema, sau da yawa ya makara.

Cikakken sakamakon yana da wani amfani kuma. Yana nuna ko ɗalibi ya faɗi ne a shekarar farko ya farfaɗo daga baya, da kuma yadda ya yi a darussan ƙiyasi, dokar ƙasa da ƙididdiga. Inda aka nemi bayanin dalilin neman karatu, layi biyu na gaskiya game da abin da ya jawo raunin sun isa, sauran shafin kuma ya tafi ga aikin da mutum ya yi bayan kammalawa.

Digiri dabam, lasisi dabam

Digiri na biyu ba shi ne ke ba da izinin sa hannu a rahoton ƙiyasi ba. Wannan iko na hukumar rajista ta ESVARBON ne, wadda aka kafa da doka mai lamba 24 ta 1975, tana aiki kafaɗa da kafaɗa da ƙungiyar ƙwararrun fannin, NIESV, da aka kafa a 1969. Hanyar rajista ta ƙunshi karatu a sashen da aka amince da shi, horo a ƙarƙashin wanda ya riga ya yi rajista, da jarrabawar ƙwarewa. Wannan rajistar ce ke bambanta mai ƙiyasi da dillalin filaye. Wanda burinsa buɗe ofis ne ko aiki a sashen filaye na gwamnati zai fi amfana da fara bin wannan hanya, kuma shekarun horon za su ƙara wa takardunsa nauyi idan ya koma neman digiri na biyu. Mai son koyarwa a jami'a kuwa ba shi da mafita sai digirin bincike, kuma a nan ne tsohon sakamako ya fi bin mutum.

Ƙasashen waje

Manyan shirye-shirye irin na Cambridge da Makarantar Tattalin Arziki ta Landan suna neman sakamako mai ƙarfi sosai, kuma da wuya su sassauta. Wasu jami'o'in Birtaniya masu amincewar ƙungiyar RICS na karɓar daraja ta biyu ta ƙasa, musamman idan akwai ƙwarewar aiki. A Amurka, shirye-shirye irin na cibiyar MIT suna ba shekarun aiki muhimmanci, amma gasarsu mai tsanani ce.

Babbar matsalar ita ce kuɗi. Samun gurbi ya fi samun tallafi sauƙi nesa ba kusa ba. Tallafin Commonwealth na neman daraja ta biyu ta sama, ko ta biyu ta ƙasa haɗe da wata shaidar gaba da digiri, yawanci digiri na biyu. Chevening na neman aƙalla shekaru biyu na aiki. Tun daga Janairun 2024 kuma, Birtaniya ta hana masu digiri na biyu na darussa tafiya da iyalansu, sai masu karatun bincike da waɗanda gwamnati ta ɗauki nauyinsu. Duk wani wakili da ya yi alkawarin gurbi da cikakken tallafi ga mai daraja ta uku, ya kamata a nemi ya nuna sharuɗɗan a shafin jami'ar kanta kafin a ba shi ko naira ɗaya.