Bernard Matemera da Sassaƙar Dutse a Ƙauyen Tengenenge

1.0 Gabatarwa

A ƙasar Hausa, idan aka ce masassaƙi, abin da yake zuwa a rai shi ne mai gizago da yake fafe turmi ko akushi. A ƙasar Zimbabuwe kuwa dutse ake sassaƙawa. Wannan takarda za ta dubi rayuwar Bernard Matemera (1946-2002), ɗaya daga cikin fitattun masassaƙan ƙasar, domin a ga yadda sabuwar sana'a ta ɗauki tsohuwar al'ada game da mutum da namun daji.

2.0 Kafuwar Tengenenge

Tengenenge yana cikin gundumar Guruve, kimanin kilomita 150 arewa da birnin Harare. Da farko gonar taba ce ta wani Bature mai suna Tom Blomefield. A shekarar 1965 gwamnatin Turawa tsiraru ta Ian Smith ta ɓalle daga Ingila, aka ƙaƙaba wa ƙasar, wadda a lokacin ake kira Rodeshiya, takunkumin ciniki. Kasuwar taba ta faɗi, leburorin gona suka rasa abin yi.

Sai dai gonar tana gefen jerin duwatsun da ake kira Great Dyke, inda ake samun wani dutse mai suna safantin, wanda yake sassaƙuwa kuma yake ɗaukar sheƙi. Wani masassaƙi, Crispen Chakanyuka, shi ya nuna wa Blomefield amfanin dutsen. A 1966 aka fara raba wa leburori kayan aiki. Da yawansu baƙi ne daga Malawi da Mozambik da Angola da Zambiya. Saboda haka sunan "sassaƙar Shona" da aka laƙaba wa aikin daga baya bai game kowa ba.

3.0 Rayuwar Matemera

An haifi Matemera a yankin Guruve. Karatunsa na boko bai wuce 'yan shekarun firamare ba. Kamar sauran yaran karkara, ya yi kiwon shanu, ya kuma yi wasan gini da yumɓu. Yana aikin tuƙa tarakta a gonakin taba ya haɗu da Blomefield, ya zama cikin rukunin farko na masassaƙan ƙauyen.

Aikin na ƙarfi ne da haƙuri. A fili ake yin sa, a gindin itatuwa. Bayan an faso dutse daga mahaƙa, masassaƙi yakan rage shi da guduma da ƙarfe mai tsini har siffa ta fito. Daga nan sai ya bi shi da magagari, ya goge da takarda mai yashi da ruwa. A ƙarshe akan gasa dutsen da wuta, a shafa masa kaki, a murza har launinsa ya bayyana.

A shekarun 1970 yaƙin neman 'yanci ya yi tsanani a arewacin ƙasar. Masu saye suka ɗauke ƙafa, yawancin masassaƙa suka watse. Matemera yana cikin 'yan kaɗan da suka zauna. Bayan samun 'yanci a 1980 ƙauyen ya farfaɗo, shi kuma ya zama uba ga masu tasowa. A 1986 ya ci lambar yabo a babban baje-kolin zane da sassaƙa na birnin New Delhi a Indiya. Mahaƙurci mawadaci, in ji Hausawa.

4.0 Dabba a Cikin Dutse

Abin da ya bambanta aikinsa shi ne rikiɗa. Yakan sassaƙa jiki mai kauri, rabi mutum rabi dorina ko karkanda, sau da yawa da yatsu uku kacal. Tushen wannan yana cikin al'adar Shona ta mutupo: kowace zuriya tana da dabbar da take jingina da ita, kamar zaki ko giwa ko biri, kuma haramun ne ɗan zuriyar ya ci namanta. Ɗaya daga cikin sanannun ayyukansa yana nuna mutumin da ya karya wannan doka, ya ci dabbar zuriyarsa.

Mai nazarin Hausa ba zai ga baƙon abu a nan ba. Maguzawa suna da kan gida, wato dabbar da 'yan gida ba sa kashewa, ba sa ci. Haka kuma labaran mutanen da suke rikiɗa su zama kura sun cika bakin tsofaffi. A wuraren biyu, dabbar daji tana da matsayin dangi, kuma wulaƙanta ta yana da sakamako.

5.0 Kammalawa

Masana sun daɗe suna muhawara a kan ko wannan sassaƙa ta gargajiya ce. Gaskiya ne an samu tsuntsayen dutse a kufan tsohon birnin Zimbabuwe, amma ɗaruruwan shekaru ne tsakaninsu da Tengenenge, kuma masu sayen aikin galibi Turawa ne. Rayuwar Matemera ta nuna cewa sana'ar ta taso ne daga matsin tattalin arziki na shekarun 1960, amma abin da ya zuba a cikinta ya gada ne daga kakanni da dajin da ya yi kiwo. Ya rasu a 2002, kuma har yau ana sassaƙa a Tengenenge.